Ranar da Kamfani Ya Kore Mu Mu Biyar

Ranar da aka kore mu daga aiki mu biyar ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma duk lokacin da na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Ni 'yar Birnin Gwari ce. Da na gama karatu na samu aiki a wani kamfanin fasaha a Kaduna. Aikinmu duba hotunan da jirage marasa matuƙa ke ɗaukowa daga sama, mu koya wa kwamfuta cewa wannan gona ce, wannan rafi ne, wannan garken shanu ne. An ce mana don manoma ake yi. Kwatsam sai muka ji kamfani ya karɓi kwangilar sojoji, manhajarmu za ta riƙa nuna maɓoyar 'yan bindiga a dajin Kamuku da kewaye.

Wallahi da farko murna na yi, don 'yan bindigar nan su suka kashe yayana a hanyar gona. Amma ranar da aka ba ni gwajin manhajar, sai na ga ta zagaye wani fili da jan layi, ta rubuta sansanin 'yan bindiga. Na ƙara girman hoton, sai na gane wurin. Ƙauyen kawuna ne, can wajen Damari. Ga tsamiyar da muke wasa a ƙarƙashinta, ga masussuka. Babura ne birjik, don ranar mutane sun taru suna taya shi sussukar masara. Ita kwamfuta da ta ga babura sun taru kusa da daji, shi ke nan ta yanke hukunci.

Na nuna wa abokin aikina, wani Kirista da mahaifinsa ke koyarwa a Saminaka ta Birnin Gwari. Ya bincika ya samo wani jan layin a harabar cocinsu, hoton ranar Lahadi. Ni da shi da wasu abokan aikinmu uku muka rubuta wa shugabanni takarda, muka ce a dakata har a gyara. Sati uku shiru. Sai muka ji za a miƙa manhajar a ƙarshen wata yadda take.

Ranar Litinin mu biyar muka zauna a ƙasa a ƙofar ofishin manaja, riƙe da hotunan nan. Ba mu yi ihu ba, ba mu fasa komai ba. Sauran ma'aikata suna wucewa suna sunkuyar da kai, har da waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya.

Da manaja ya fito na ce, "Ranka ya daɗe, wannan gidan kawuna ne. Manomi ne."

Ko kallon hoton bai yi ba. Ya ce, "Malama, kowace manhaja tana kuskure. Sojoji za su tantance da kansu."

"To ka faɗa musu tana kuskure?"

Sai ya ɗaure fuska. "Ke yanzu 'yan bindiga kike karewa?"

Ni! Ni da na ga gawar yayana a bayan akori-kura! Ban san lokacin da na miƙe ba, na ce masa shi bai taɓa taka Birnin Gwari ba, ni kuwa can aka binne cibiyata. Abokin aikina ne ya ce in zauna.

Washegari da safe katinmu na shiga ofis ya ƙi buɗe ƙofa. Mai gadi, wani dattijo, ya miƙo mana takardu yana kawar da kai. "Ku yi haƙuri, 'yata, umarni aka ba ni." An rubuta wai mun tada hargitsi a wurin aiki. Ko kalma ɗaya babu game da hotunan.

Na dawo gida, yanzu ina koyar da kwamfuta a wata makaranta. Har yau ban san ko an gyara manhajar ba, kuma rashin sanin nan shi ya fi ci min rai. Amma na koyi abu guda: duk aikin da aka ba ni, sai na tambaya wa zai amfana, kan wa kuma zai sauka. In amsar ba ta kwanta min ba, ba na sa hannuna, ko da za a sake rufe min ƙofa.