Tattasan Babana a Ƙaramin Faranti

Sau ɗaya tak babana ya taɓa zama a gidan sayar da abinci, kuma ni na kai shi. Da na san abin da zai biyo baya, da na ce masa mota ta lalace.

Lokacin ina tuƙa motar wata ƙungiyar agaji a Diffa. Cikin waɗanda nake ɗauka akwai wata nas 'yar ƙasar Sifaniya, doguwa, mai yawan dariya kamar ba ta san inda aka kawo ta ba. Ita ta yi wa babana magani sa'ad da ƙafarsa ta kumbura a Asaga, inda muka sauka bayan mun baro garinmu na bakin kogin Komadugu, can gabas wajen Barwa. Da aikinta ya ƙare za ta koma gida, sai ta kafe a kan lallai sai tsoho ya ci abincin ƙasarsu. Na kawo dalili ya fi goma, ta ƙi ji. Shi kuwa da na gaya masa, cewa ya yi ba a ƙin kiran wanda ya taɓa ciwonka da hannunsa, ya sa aka wanke masa babbar rigarsa guda ɗaya da ta tsira.

Babana manomin tattasai ne, haka ma ubansa. Suna da irinsu na gida wanda ba sa ba kowa. Kowace shekara yakan bi gona da kansa ya zaɓi 'ya'yan da suka fi, ya shanya su daban, ya ƙulle irin a tsumma. Tattasan dogo ne mai kaurin nama, bakinsa a lanƙwashe, zaƙi ke fara zuwa, sai ka haɗiye yaji ya biyo baya kaɗan. Ranar da yaƙi ya kore mu muka gudu, wana ya ce mu yi gaba, zai tsaya ya ɓoye injin ban ruwa ya cim mana a hanya. Babana ya bar masa ƙullin irin. Abin da bai gani ba shi ne, muna fita gari wana ya biyo ni da gudu ya cusa ƙullin a aljihuna, ya ce in ba Baba idan mun sauka. Daga ranar ba mu sake ganinsa ba, ba mu kuma sami wanda ya ga gawarsa ba.

Ni kuma ban ba Baba ba. A watan farko a Asaga yunwa ta ci mu har yara sun daina kuka. Na ɗauki ƙullin na kai wa wani mai lambu a bakin kogi kusa da Diffa, ya ba ni hatsi. Na ce a raina in hankali ya kwanta zan faɗa. Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara, maganar ta yi nauyin da ba na iya ɗaga ta. Shi dai tsoho abin da ya sani, iri yana hannun babban ɗansa.

Gidan abincin na wani Badamagare ne da ya daɗe yana yi wa mutanen Sifaniya girki, har ya koyi hannunsu. Ya kafa rumfa a tsakar gidansa ƙarƙashin itacen bedi, da tebur huɗu da kujerun roba. Ran Lahadi da rana yake yin abin da suke kira tafas, wato abinci iri-iri a ƙananan faranti, ana kawowa ɗaya bayan ɗaya kowa yana tsakura. Babu giya babu naman alade, sai da na sa shi ya rantse kafin na yarda. Muka zauna mu uku, nas ɗin tana Faransanci, babana yana Barbarci, ni a tsakiya ina juya magana.

Aka fara kawo zaitun, bai fi a ƙirga su da yatsun hannu ba. Babana ya ɗauki ɗaya ya tauna, fuskarsa ta yamutse, ya haɗiye da ƙyar don kunya. Aka kawo burodi da aka goga wa tumatir da tafarnuwa. Aka kawo wainar ƙwai da dankali mai kauri, an yanyanka ta ƙanana, kowace an soka mata tsinke. Ya dubi cokali mai yatsu ya ture shi gefe, ya sa hannu. Can ya matso ya raɗa mini, wai wannan ɗanɗanon ya isa haka, yaushe za a kawo abincin? Na ce ai shi ne abincin. Sai ya ce in tambaye ta ko su ma yaƙi ake yi a ƙasarsu. Na fassara mata, ta yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi. Rabona da jin dariyarsa tun muna gida, har na ji daɗin zuwan.

Sai mai gidan ya ajiye faranti na biyar. Tattasai ne guda uku, an gasa su ɗungum ba a yanka ba, an zuba musu mai da gishiri. Ina ganin lanƙwasar bakinsu gabana ya faɗi. Ba ranar na fara ganinsu ba. Na sha cin karo da su a kasuwa, in kau da kai in wuce. Babana ne dai ba ya shiga kasuwar tattasai, tun da muka zo ya ce ba ya son ganin gumin wasu.

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannu. Ya gutsura, ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya jira. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, na ga lokacin da yajin ya iso. Ya ce a kira mai girki. Da Hausarsa mai nauyin Barbarci ya roƙe shi ɗanye guda in akwai saura. Aka kawo. Ya tsaga shi da farce, ya duba ciki, ya shinshina, ya zazzage 'ya'yan a hannu yana motsa su da ɗan yatsa. Ya tambayi inda aka samo shi. Mai girki ya ce wajen dillali ya saya ran Talata, shi kuma dillali kaya daga ko'ina suke zo masa, na kusa da na nesa, har da na wuraren da ba a faɗi.

Babana ya juyo ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Yayanka yana da rai," in ji shi. "Wannan irinmu ne. Babu mai shi a duniya sai shi. Yana can yana noma."

Nas ɗin ta ga fuskarsa ta tambaye ni me ya ce. A nan ne ya kamata in yi magana, Allah ya sani na buɗe baki don in yi. Amma abin da ya fito daga bakina fassara ce. Da harshena na gaya mata cewa tsoho ya gane tattasan gidanmu, ɗansa da ya ɓata yana raye. Ta dafe ƙirji, ta kama hannunsa biyu tana kuka. Mai girki ya yi ta hamdala, ya koma ciki ya kwaso sauran tattasan duka ya ce kyauta ne. An ƙara kawo faranti biyu ko uku bayan nan, kifi soyayye da wani abu, ban san me na ci ba. Babana ya ƙulle 'ya'yan nan a bakin rigarsa, ya cinye duk abin da aka ajiye masa har da sauran zaitun.

Ta tafi ƙasarsu da wannan labari. Na tabbata har yau tana ba da shi a wajen cin abinci, a matsayin abin farin ciki da ta gani da idonta.

Mu kuwa gida ya canza. Mutumin da ba ya shiga kasuwa ya zama kowace Talata shi ne na farko a wajen buhunan tattasai. Ya bi dillalai ɗaya bayan ɗaya yana kwatanta ɗansa, dogo, mai tabo a gira. Mutanen kasuwa kuwa ba sa son su ce ba su sani ba. Wannan ya ce kamar ya ji labarin mai irin wannan kama a tsallaken kogi, wancan ya ce akwai waɗanda aka bari suna noma a gonakin gabas muddin ba su fita ba. Duk abin da aka faɗa masa sai ya kawo gida ya shimfiɗa mana. Matar wana, wadda ta yi shekaru ba ta da aure ba ta da takaba, ta koma kitso da lalle. Ta fara ce wa 'ya'yanta su yi hankali, in ubansu ya dawo zai ji duk abin da suka yi.

Ni na daina barcin kirki. In na rufe ido sai in ga wana yana biyo ni da gudu, hannunsa a miƙe, kullum daidai nan, ba ya ƙarasowa ba ya komawa. Ko da rana ina tuƙi, in na hango wani dogo a bakin hanya sai ƙafata ta taka birki da kanta. Na ji haushin mai girki, na ji haushin nas ɗin da ƙananan farantanta, na ji haushin dillalai maƙaryata. Duk don kada in ji haushin wanda ya kamata. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa sai da ta yi, ina kallo ana ci a gidanmu.

Na yi ta gaya wa kaina cewa shirun nan alheri ne, tunda tsoho yana cin abinci, har ƙafar ta daina damunsa. Haka na lallaɓa har ruwan kogi ya fara janyewa. Sai wata rana matata ta tsegunta mini cewa Baba ya gama magana da wani mai amalanke da zai sauke shi kusa da Barwa, daga nan ya ƙarasa garinmu da ƙafa. Kowa a Asaga ya san abin da ke samun wanda ya bi wannan hanya, mun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda ita. Na roƙe shi, na haɗa shi da liman, na ce ya bari sai an sami labari tabbatacce. Ya ce shi ya ga labari da idonsa, ya kuma ɗanɗana shi da bakinsa.

Ranar tafiyar, bayan sallar asuba gari ya waye, na same shi zaune a bakin bukkarsa. Ya ɗaure kayansa, ya sa takalmi ƙafa ɗaya yana neman ɗayan. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa duka, tun daga aljihu har mai lambu. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Da ya yi magana, muryarsa ba ta ko rawa.

"Hatsin, yara sun ci?"

"Sun ci, Baba."

"To, a nan ba ka yi laifi ba."

Ya cire takalmin da ya sa, ya ajiye shi a gefe. Ya dubi gabas, wajen da itatuwan bakin kogi suke.

"Amma da ka bari na kai bakin ruwa tukuna."

Na fashe da kuka, ni mai 'ya'ya uku, shi ko hawaye bai yi ba. Ya ce bayan azahar in kira liman da dattawan garinmu, a zauna a yanke abin da ya kamata a yanke tun tuni a kan wana da takabar matarsa. Sa'an nan ya nuna bukkar matar wana da haɓa, ya ce wannan kuma ba shi zai faɗa mata ba, in je in gaya mata da bakina.

Tsakanin bukkokin biyu bai fi taku ashirin ba. Na same ta a tsugune bakin murhu, ta tashi tun da duhu tana aiki. Tana ganina ta fara tsiyar da ta saba yi mini, wai direban Turawa ya zo raka matafiyi da hannu biyu babu ko burodi. Kafin in ce uffan ta miƙo mini ƙulli biyu. Ta ce wannan guzurin Baba ne, wancan kuma na Yayanka ne, a ce masa ita ta daka da hannunta.

Na sa hannu na karɓa, dukansu biyu da sauran ɗuminsu.