Na Sayar da Sunayen Mutanen Garinmu

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ɗambatta. Ba zan faɗi sunansa ba, kunyar da na jawo masa ta isa. Mahaifina manomi ne, gero da dawa da gyaɗa yake nomawa, kuma bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Da na gama sakandare ban samu damar ci gaba ba, sai ya sayar da ragunansa ya kafa mini rumfar cajin waya a bakin kasuwa. Daga baya na haɗa da POS.

A garinmu masu iya karanta saƙon banki ba su da yawa. Duk wanda ɗansa ya turo wa kuɗi daga birni, wurina yake zuwa. Dattijo zai miƙo mini katinsa, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban kowa, ya ce, “Ɗana, duba mini.” Ba mai tambayar abin da na danna.

Da kaɗan na fara. In mutum ya zo cire kuɗi, sai in sayi katin waya daga asusunsa. In ya ga ragi, in ce banki ne suka yanka. Ya yi tsaki ya tafi. Ranar farko na kasa cin tuwo. Da tafiya ta yi tafiya, ko a jikina.

Ana nan, wata ranar kasuwa wani mutum da ake kira Ɗan Birni ya zauna a bencina, ya daɗe yana kallon yadda ake miƙo mini kati. Da mutane suka ragu ya ce, “Kai kam ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ba kuɗinsu nake so ba, sunayensu nake so.” Ya ce in tara masa lambar BVN ta banki da lambar katin ɗan ƙasa da hoton fuska, kowane suna da ladansa.

Damina ta ƙarato, taki ya yi tsada. Sai na baza cewa ana rajistar tallafin taki a rumfata. Wallahi har layi aka yi. Duk wanda ya zo sai in ce masa, “Za a turo wata lamba a wayarka, ka karanto mini.” Suna karantowa suna yi mini godiya.

Cikin waɗanda suka zo har da Malam Sabi'u, limamin masallacin unguwarmu, mai koyarwa a Islamiyya. A gabansa na koyi Fatiha. Ya ce, “Ka sa ni a ciki, gonar nan tawa ta gaji.” Ya gyara hularsa na ɗauke shi hoto, ya bar mini babbar wayar da ɗansa ya aiko masa don in yi mata caji. Da wayar nan na ci bashi da sunansa a kamfanin masu ba da rance ta waya. Ɗan Birni kuma ya buɗe asusu da sunan Malam, inda ake zuba kuɗin da suka damfari wasu. Na sayi babur. Baba ya tambaye ni, na ce kasuwa ce ta buɗe.

Taki bai zo ba. Abin da ya zo bayan kaka shi ne saƙo daga kamfanin rancen, don ban biya bashin ba. Duk wanda lambarsa ke cikin wayar Malam ya samu hotonsa, da rubutun Turanci a ƙasa. To wa zai karanta musu? Wurina suka kawo. Da bakina na fassara: wannan mutum ɓarawo ne, ya ci bashi ya gudu.

Da la'asar Malam ya zo da kansa. Ya ce, “Ɗana, me aka ce na yi?”

Na ce, “Malam, wai ka ci bashi.”

Ya ce, “Ni? Ko ƙofarsu ban sani ba. Don Allah ka taimake ni, kai ne ka san kan abin nan.”

Na ce zan bincika. Ya sa mini albarka ya tafi.

Ya daina jan salla. Wasu iyaye suka cire 'ya'yansu daga makarantarsa. Sai ga 'yan sanda sun zo, wai wata mata ce aka kwashe wa jari, kuma a asusun da ke da sunansa kuɗin suka sauka. A gaban ɗalibansa aka sa shi a mota. Na kira Ɗan Birni, wayarsa a kashe. Na yi ta kira kamar mahaukaci. Na yi tunanin gudu, ban san inda zan nufa ba. Na yi tunanin faɗin gaskiya, tsoro ya hana ni. Ina cikin wannan hali hawan jini ya kayar da Malam a tsare, ɓarin jikinsa ya shanye.

Bincike bai yi wuya ba, domin duk sunayen ta rumfata suka bi. Aka zo aka kama ni. Da Baba ya zo ofishin 'yan sanda bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, “Har Malam?” Na kasa ɗaga kai. Kotu ta tura ni gidan yari a Kano. Ina can Baba ya sayar da gonar gado yana biyan mutane. Ɗan Birni kuwa har yau ba a gan shi ba.

Da na fito, gidan Malam na fara zuwa. Na same shi a kan tabarma, bakinsa a karkace. Na durƙusa na yi kuka har muryata ta dushe. Ya yi wata magana ban gane ba, sai ɗansa ya ce, “Ya ce nasa ya yafe. Ka je ka nemi na sauran.” Har yanzu ina bi gida-gida. Wasu sun yafe, wasu da sun hango ni sai su shige ciki.

Samari, ku ji ni don Allah. In wani ya ce ku tara masa sunaye da lambobin mutane zai biya ku, ku tashi daga wurin. Kuma ku zauna da iyayenku ku gaya musu: lambar sirrin kati ba a faɗa wa kowa, lambar da aka turo a waya ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga banki yake. Su daina barin waya a buɗe a wurin caji. In an ce tallafi, a je sakatariyar ƙaramar hukuma a tambaya da baki. Kada su ce ai ɗan gida ne, ba zai cuce mu ba. Ni ma a sahu ɗaya nake salla da su.