Sunan Ɗan Fari a Bakin Taga

A ofishin izinin zama na Alƙahira, wata dattijuwa Bahaushiya ce a gabana cikin layi. Mayafinta wankakke ne amma ya koɗe, hannuwanta duk tabon mai. Ina zaton girki take yi a gidan wani jakada a unguwar Dokki. Tana yi wa ma'aikacin da ke bakin taga bayani ƙasa-ƙasa da Larabcin kasuwa: an kori ɗanta daga Masar bayan ya gama zaman kurkuku a kan tabar wiwi, tana roƙon a ba shi izinin dawowa.

Laifin kam ta faɗe shi ba gargada.

"Sunansa, ya Hajja?" in ji ma'aikacin.

"Yaron nan dai," ta ce. "Babban."

Nan na gane ɗan fari ne, wanda uwa mai kunya ba ta kama sunansa. Ma'aikacin bai san da wannan ba.

"Yalla, yi sauri! Ba suna, ba magana."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Abdulwahab."

"Ban ji ba!"

Ta maimaita da ƙarfi, har na ƙarshen layi suka waiwayo. Ni da nake ɗan fari, ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, sai na sunkuyar da kai ina kallon takalmana.