Sawun da Inna Take Jira

Da na dawo Haɗejiya daga yaƙin ƙasar Bama, wani akawu ya zaunar da ni, takarda a gabansa, yana ta tambaya. Ina cin abinci? Ina samun barci? Ina da abin yi? Na ce e, e, e. Ya rubuta wai na koma daidai. Ko sau ɗaya bawan Allah bai dubi ƙafata ba.

Ni kuwa wata uku ban rabu da takalmin soja ba, sai in zan yi salla ko zan kwanta. Da shi nake zuwa fadamarmu ta wajen Auyo, in tsaya a kan tudu ina kallon ƙannena cikin shinkafa, laka har gwiwa. In na ga ruwa kwance cikin ciyawa sai in ja da baya, don irinsa ne ya ci abokaina a can. Har na ɗaure kaya zan tafi Kano neman aikin gadi, kuma ba da niyyar dawowa ba.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ko sunana ba ta faɗa, balle ta tambaye ni abin da ke damuna. Amma wata ɗabi'a tata ta ɗaure mini kai. Kullum sai ta share ƙofar ɗakina ta yayyafa ruwa, in na wuce ta zo ta tsaya tana kallon ƙasa. Me ake nema a ƙasar da aka share? Na kasa haƙuri, na tambayi Goggo, ƙanwar mahaifina.

Goggo ta ce, "Kai dai an yi soja marar lura. Sawunka take dubawa. Ta ce takalmi ne ya dawo, ɗanta yana hanya."

Maganar ta ba ni haushi, daga baya ta ba ni kunya.

Bayan kwana biyu ruwa ya taso zai cinye shinkafa, kowa ya shiga yanka. Na rataye takalmin a reshen ƙirya, na shiga ruwan. Tafin ƙafata ya riga ya yi laushi kamar na jariri. Ƙaya ta soke ni, na yi ƙara, ƙannena suka sha dariya.

Da la'asar na shigo gida ina ɗingishi, ƙafa ba takalmi. Da na fito alwalar magariba sai na ga ƙwarya a kife a ƙofar ɗakina. Na ɗaga. Sawuna ne, yatsu biyar cif, Inna ta rufe shi don kada kaji su tone.

Na mayar da ƙwaryar yadda take, na shiga na kwance kayan Kano.