Shekarar da Tsutsa ta Cinye Irin Baba

Baba bai taɓa sayen irin masara ba, kuma yana faɗar haka kamar wani digiri ne. Masararsa fara ce mai ƙananan ƙwayoyi, kakarmu ce ta ƙullo irin a bakin zane daga Borno. Duk shekara yakan shuka rabi a ɗan lambunsa na Kwaciri, rabi kuma ya rataye a madafa hayaƙi na bugunsa. A shekarar da nake magana, wani maƙwabci ya bar masa fili, sai ya kwance irin duka ya shuka. Inna ta yi magana, ya ce ta ji da tukunyarta.

Ni na fara ganin abin, ranar da na kai masa abinci. Ganyen duk huda-huda, a tsakiyar masarar kuma, inda sabon ganye ke naɗe, wani abu ya taru kamar jiƙaƙƙen garin katako. Na buɗe da yatsa, sai ga tsutsa mai ruwan ƙasa, da ratsi a jiki da baƙaƙen ɗigo wajen wutsiya, ta lanƙwashe abinta.

Na ce, "Baba, wannan fa ba irin wadda muka saba gani ba ce."

Ya ce, "Ke da kike auna yadi a Fagge, yaushe kika san tsutsa? Tun ina yaro nake ganinta. Ruwa ɗaya mai ƙarfi zai wanke ta."

Ruwan ya zo, har ya ci katangu a unguwa, tsutsa ko gezau. Sai a lokacin ya sauko. Muka dinga roƙon toka wajen masu tuyar ƙosai, mu haɗa da yashi, mu bi masara ɗaya bayan ɗaya muna zuba mata a tsakiya. Waɗanda muka gani mu tsince mu murƙushe. Na sayo magani a Sabon Gari, ya fesa da tsakar rana a kan ganye, alhali ita tana can ciki a ɓoye. Na yi masa tsawa ranar, shi ma ya yi mini, muka dawo gida ba mai kula wani. Haushi nake ji, tausayinsa kuma ya hana ni sakat.

Da masarar ta yi goyo, tsutsar ta koma ciki. Duk wanda ka ɓare, sai ruɓa da wari. Ko ɗaya bai samu na ajiyewa ba.

Da rani ya zo, sai Baba ya shiga yawon neman irin. Shekara da shekaru yana raba irin nan kyauta, don a wajensa sayar da iri abin kunya ne, saboda haka ya ɗauka wani zai ciro masa ko cikin tafin hannu. Wani ya ce ya koma irin leda na kasuwa tuntuni. Wani lambunsa ya zama shaguna. Wata Hajiya Bayarbiya a Sabon Gari ta yi ta ba shi haƙuri, ta ce jikokinta sun gasa nata sun cinye. Ya daina fita bayan wannan, ya kuma daina gardama, abin da ya fi tayar mini da hankali.

Da damina ta matso, wata safiya zan tafi shago ya kira ni, ya ce in biya kasuwa in sayo masa iri.

Na ce, "Wane iri, Baba?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Duk wanda aka ba ki."