Yadda Mani Tafinta ya musanta uwarsa

Mani ɗan Kore Mairuwa ne, ɗan farin Habsatu mai daddawa. Yana saurayi anka ɗauke shi soja, ya yi shekara bakwai can bakin teku yana goge takalman Nasara. Da ya komo ba gona, ba mata, sai Faransanci cike da baki da tafiya kamar ya haɗiye taɓarya. Kumandan na Dogon Dutsi, Nasara mai mulkin ƙasar, ya ɗauke shi tafinta. Abin taƙamarsa guda ne: ba ya ƙara magana, ba ya ragewa. Ko tsaki ka ja gaban kumandan, sai Mani ya juya shi da Faransanci.

Wata shekara bayan girbi, wani likita Nasara ya zo da takardar tambayoyi ta auna hankalin mutane. Wai a Faransa anka rubuta ta, an gwada ta a wasu ƙasashe, saura a leƙa kawunan Arawa. Kwana uku shi da Mani suna juya ta zuwa Hausa. Wanda duk ya faɗi awon, mota za ta kai shi Yamai a tsare shi a yi masa magani. Da jin haka kowa ya tuna yana da gona mai nisa.

Mani ya ji kunyar garin. Ya buga ƙirji ya kira likita Mushe, wato maigida da Faransanci, ya ce, "Mushe, zan kawo maka macen da ta fi kowa hankali a Arewa. Uwata ce."

Anka zo da Habsatu bisa jaki, anka zaunar da ita cikin rumfar bariki. Likita yana karantawa, Mani yana juyawa.

"Shekarunki nawa?"

"Wa ya zauna ƙirga? Ina goye anka yi farar nan da ta cinye har zana."

Likita ya ja layi a takarda.

"'Ya'yanki nawa?"

"Ana ƙirga ɗiya? Awaki ne?"

Mani ya juya masa har awakin. Wani layin.

"Kina jin muryar da sauran mutane ba sa ji?"

"Doguwa ta bori takan yi mini magana in ta ga dama. Shi ba mai kula shi ne, bawan Allah?"

Likita ya yi rubutu mai tsawo. Sannan ya nuna Mani da alƙalami ya ce a tambaye ta wane ne wannan, mene ne sunansa.

Nan Mani ya gane kuskurensa. Kwana uku yana laulayar tambayar nan, bai tuna abin da ko yarinya mai tallar gyaɗa ta sani ba: mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta cewa nata ne gaban mutane.

"Inna, wai wane ne ni?"

Habsatu ta juya fuska wajen zana. "Ɗan mutane ne."

"Inna, sunana kaɗai. Sau ɗaya. A hankali ma ya isa."

"Ka ce wa ubangidan naka ban haifi mai gajeren wando ba."

"Don Allah, Inna, Yamai fa za su kai ki!"

"A kai ni da mutuncina."

Mani ya shiga yi wa likita bayanin al'ada. Likita ya nuna masa takardar: gida biyu ne, na wanda ya sani da na wanda bai sani ba. Ba gidan kunya. Sauran amsoshin, in ji shi, ana iya ɗaga ƙafa, amma uwar da ba ta gane ɗanta ba, ciwonta ya yi nisa. Ya ce a kira direba.

Mani ya dubi motar, ya dubi ƙeyar tsohuwa. Ya ƙame kamar ranar fareti ya ce, "Mushe, gaskiyarta. Ba uwata ba ce. Yau ta fara ganina. Na ga ka rasa mutum, na ɗauko ta a hanya."

Fuskar likita ta yi ja kamar gauta. Ya soke layin, ya sallami Habsatu, ya wuce wurin kumandan kai tsaye. Kafin la'asar an kori tafinta maƙaryaci. Mani bai ƙara juya maganar kowa ba. Gero ya noma har tsufansa, noman ma na abin tausayi, kunyoyinsa a karkace.

Washegarin korar sunka kama hanyar Kore Mairuwa, ita bisa jaki, shi a baya da akwati a ka. Da sunka isa ta dama fura, ta aje ƙwaryar bakin ƙofa, ta fuskanci rumbu ta ce, "Ga fura nan, in akwai wani marar aikin yi da ke jin ƙishirwa."