Allon da Bilkisu Ta Juya

Bilkisu 'yar unguwar Hindawiyya ce ta Makka, a nan aka binne cibiyarta. Kakanta ne ya tako da ƙafa tun daga Sakkwato, amma har gobe a kasuwa "ya Takruniyya" ake ce mata, sunan da ake yafa wa duk wanda asalinsa yammacin Afirka ne. Tana amsawa, amma ba ta taɓa sonsa ba.

Shekara ashirin tana wankin zannuwan gado a wani masaukin alhazai a unguwar Aziziyya. Bana fa aka ɗaga ta! Ayman, mai kula da masaukin, ya damƙa mata allo mai sanda, ya ce ita za ta ja wasu mata tara 'yan Meksiko zuwa Mina. Don murna har sabuwar abaya ta ɗinka.

Ranar takwas ga watan Zulhajji da hantsi ta ɗaga allo, ta ce musu su taho da Larabci, "Yalla, ya Hajja!" Ko gezau. Matan suka kafe a bakin ƙofa, direban bas yana ta danna hon. In ya tafi ya bar su, wanki za ta koma, ta kuwa sani.

A allon an rubuta "Hunud Humur", wato jajayen Indiyawa, laƙabin da ake yi wa 'yan asalin nahiyar Amurka, ga fassara da yarensu a ƙasa. Aikin Ayman ne, haka ya saba ji a finafinai.

Hanan, wadda ta ɗan iya Larabci a cikinsu, ta nuna wata tsohuwa. "Mahaifiyata ta ce ba za ta bi wannan suna zuwa Mina ba. Baƙi ne suka laƙa mana shi."

Kai! Maganar ta daki Bilkisu a ƙirji. Ta juya bayan allon, ta zaro alƙalami. "To ku, me kuke ce wa kanku?"

"Tsotsil," in ji Hanan.

Ta karɓi alƙalamin ta zana shi da manyan baƙaƙe, ta karanta da ƙarfi. Wallahi tsohuwar nan ita ta riga kowa shiga bas! Ayman yana ta faɗan an ɓata masa allo, Bilkisu ko waiwaye.

A hanya tsohuwar ta kamo hannun Bilkisu ta yi magana. Hanan ta fassara: "Ta ce ke fa? Me ake ce wa mutanenki a gida?"

Shekara hamsin a Makka, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Sai da ta share ido da gefen mayafi, sannan ta amsa da ƙarfi har direba ya waiwayo.

"Hausawa! Ni Bahaushiya ce!"